Wa Ya Ce Gwamna Yana Da Magaji?

Da zarar gwamna ya ci rabin zangonsa na biyu, akwai tambayar da ke mamaye duk wata majalisar hira a Kaduna, tun daga teburin mai shayi a Tudun Wada har zuwa shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyo, wato wa zai gaje shi. Ba a daɗewa sai tambayar ta sauya kama ta koma wa zai tsayar, daga nan kuma sai a fara jin masu karanta labarai suna cewa mai girma gwamna bai bayyana magajinsa ba tukuna, ko kuma jiga-jigan jam'iyya sun sakar masa wuƙa da nama ya zaɓi wanda zai gaje shi. Mun saba da wannan magana har ta daina yi mana nauyi a kunne. Ni kuwa ina ganin tana da nauyi ƙwarai, domin kalmar magaji tana tafe da kayanta, kuma duk lokacin da muka ɗora ta a kan kujerar da ake hawa ta hanyar ƙuri'a, muna miƙa wa mai shirin sauka wani haƙƙi wanda doka ba ta ba shi ba, al'ada ba ta ba shi ba, addini ma bai ba shi ba.

Magaji shi ne wanda ya ci gadon wani, gado kuwa ba abu ne da Bahaushe ke yi wa riƙon sakainar kashi ba. Yana da sharuɗɗa waɗanda ko wanda bai yi zurfi a karatu ba ya san su. Ba a gadon rayayye, shi ya sa idan aka ce wa mutum yana jiran gado, to ba yabonsa aka yi ba. Ba a gadon abin da mamaci bai mallaka ba, saboda haka kayan ajiya da na aro da na jingina sai an ware su an mayar wa masu su kafin a taɓa komai. Sannan dole ne a sami wata alaƙa ta jini ko ta aure tsakanin mamaci da mai gadonsa. Haka abin yake a shari'ar Musulunci, kuma a wajen al'ummomin jihar nan da ke raba gado bisa al'adarsu ma, dangi ne suke zama su tabbatar da wanda ya cancanta bisa ƙa'idar da suka tarar, mai dukiya ba ya ƙirƙiro tasa.

Na taɓa halartar rabon gadon wani maƙwabcinmu, ɗan kasuwa mai rufin asiri wanda ya bar mata biyu da 'ya'ya da dama. An shimfiɗa tabarmi a zaure, malamin da aka gayyato ya zauna da takarda da biro, kuma kafin ya tambayi gida nawa ne ko shago nawa ne, sai ya ɗaga kai ya ce ko akwai wanda yake bin marigayi bashi. Wani dattijo mai sayar da hatsi ya zaro ɗan littafi da ya sha jiki daga aljihun rigarsa, ya nuna inda aka rubuta buhu biyu na masara da aka ɗauka kafin azumi, aka rubuta masa kuɗinsa a saman takarda, sama da tumunin matan, sama da kason kowane ɗa. Da aka zo kan shagon kasuwa, babban ɗan ya gyara zama ya ce: "Allah ya gafarta Malam, ai Baba ya sha faɗa a gaban mutane cewa shagon nan ni ya bar wa." Malamin bai ko ajiye biro ba ya amsa masa: "Ɗana, babu wasiyya ga magaji, sai fa idan 'yan'uwanka sun yafe maka da bakinsu." Zauren ya yi tsit, aka ci gaba da lissafi, shagon ya shiga cikin abin rabo kamar sauran kaya.

Abin da malamin nan ya faɗa shi ne ƙashin bayan maganata. Ko a gado na haƙiƙa, inda dukiyar ta mutum ce ta halak malak, ya sha rana ya tara abarsa, ba shi da ikon zaɓen wanda zai gaje shi. Ayoyin Suratun Nisa'i sun riga sun yanke wa kowa kasonsa, kuma sun maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan an fitar da wasiyya da bashi, wasiyyar ma ba ta wuce sulusi. To idan uba ba ya zaɓen magaji a kan gidan da ya gina da guminsa, ta yaya gwamna zai zaɓi magaji a kan kujerar da ba tasa ba, alhali yana raye, yana cin tuwo, wataƙila ma yana shirin tafiya Majalisar Dattawa? Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce iko na jama'ar Nijeriya ne, daga gare su gwamnati take samun duk wani ƙarfi da take taƙama da shi. Sashe na 180 ya ba gwamna shekara huɗu, sashe na 182 kuma ya hana wanda aka zaɓa sau biyu sake tsayawa. Mai zama a Gidan Sir Kashim Ibrahim, wato gidan gwamnatin Kaduna, matsayinsa ɗaya da ɗan haya wanda aka rubuta masa ranar tashi tun ranar da ya shigo, kuma ba a taɓa jin ɗan haya ya tara mutane ya nuna musu wanda ya bar wa gidan ba.

Za a iya cewa ai kalmar daga fada ta fito, kuma a fada ana gadon sarauta, saboda haka aron ta aka yi zuwa siyasa. Na yarda daga nan aka aro ta, amma an aro ta ne da wani iko wanda ko sarki ba shi da shi. Zazzau da ke kusa da mu ta isa misali. Gidajen sarauta huɗu ne a masarautar, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma sarauta tana iya barin wannan gida ta koma wancan. Sarki Ja'afaru, wanda ya yi mulki daga 1937 zuwa 1959, daga gidan Barebari ya fito, amma da ya rasu sai sarauta ta koma gidan Katsinawa a hannun Sarki Muhammadu Aminu. Sarki Shehu Idris ya hau a 1975, ya shekara 45 a kan karaga, tsawon da babu gwamnan da zai taɓa mafarkinsa, amma da Allah ya karɓi ransa ranar 20 ga Satumba, 2020, maganar ta koma hannun masu zaɓen sarki da gwamnatin jiha, aka yi ta kai-kawo da jayayya, har ranar 7 ga Oktoba aka sanar da Ahmed Nuhu Bamalli daga gidan Mallawa, gidan da rabonsa da sarautar tun zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, kimanin shekara ɗari ke nan. Duk abin da mutum zai ce game da yadda aka yi wancan zaɓe, abu ɗaya a fili yake, sarkin da ya tafi ba shi ne ya ajiye wanda ya zo ba.

Akwai ma wani abin lura a nan. Kafin ya zama sarki, Bamalli shi ne Magajin Garin Zazzau, sarautar da mahaifinsa Nuhu Bamalli ya riƙe kafin shi, amma mahaifin ya rasu yana Magajin Gari bai zama sarki ba. Ashe ko sarautar da ke ɗauke da kalmar magaji a cikin sunanta ba alƙawarin karaga ba ce, kamar yadda Yarima da Ciroma da Ɗan Galadima suke sarautun 'ya'yan sarki ba tare da an lamunce wa ɗayansu komai ba. Mu mutanen Kaduna kullum muna ambaton Magajin Gari a matsayin sunan wuri, inda sakatariyar ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa take, da kotun shari'ar da ake kai ƙarar rabon gado, ba tare da mun tsaya mun tuna cewa fada ta fi 'yan siyasa taka-tsantsan da wannan kalma ba.

Tarihin kujerar gwamnan Kaduna shi kansa ya isa ya koya mana cewa mai kujera ba shi ne mai yanke wanda zai biyo bayansa ba. A watan Yunin 1981 majalisar dokokin jiha, wadda jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Alhaji Balarabe Musa na PRP bayan ta daɗe tana ƙin amincewa da sunayen kwamishinoninsa, ya zama gwamnan farar hula na farko da aka tsige a Nijeriya, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya ƙarasa wa'adin. A watan Mayun 2010, bayan rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka ɗauki Gwamna Namadi Sambo daga Kaduna aka kai shi Abuja ya zama mataimakin shugaban ƙasa, mataimakinsa Patrick Ibrahim Yakowa ya hau, ya zama Kirista na farko kuma ɗan kudancin jihar na farko da ya riƙe kujerar a mulkin farar hula. Ranar 15 ga Disamba, 2012 Yakowa ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a jihar Bayelsa, washegari aka rantsar da mataimakinsa Mukhtar Ramalan Yero. A duk waɗannan lokuta uku babu wanda ya tsaya neman sanin ra'ayin wanda ya bar kujerar, domin tsarin mulki ya riga ya faɗi abin da za a yi, kuma a kundin da muke aiki da shi yanzu sashe na 191 ne ya ce mataimaki zai hau idan gwamna ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tsige shi, ko rashin lafiya ta hana shi aiki har abada. Mataimakin ma da shi aka je gaban jama'a neman ƙuri'a a kan tikiti guda, saboda haka hawansa ci gaban zaɓen da aka riga aka yi ne.

Sai kuma 2015, lokacin da Malam Nasir El-Rufa'i ya kayar da Yero yana kan mulki. Duk da haka za ka ji an ce El-Rufa'i ne ya gaji Yero, babu kuma wanda zai fahimci cewa Yero ne ya ba shi. A nan dole in yi wa masu aikin jarida adalci. Harshe ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma aikatau ɗin nan na gada ya daɗe da faɗaɗa har ya kai ga ma'anar zuwa bayan wani a kan muƙami, ko shugaban makaranta ne ko limami ko kocin ƙwallo. Gajere ne, yana shiga kanun labari ba tare da wahala ba, kuma idan aka yi amfani da shi a kan abin da ya riga ya faru, ba na ganin wata ɓarna a ciki. Inda nake da ja shi ne wurin da aikatau ya koma suna, aka liƙa masa mallaka, aka ce magajinsa, sannan aka jingina shi da zaɓa ko tsayarwa ko fitarwa tun kafin a buga takardar ƙuri'a. A ce wane ya gaji wane, labari ne aka bayar. A ce wane zai fitar da magajinsa, hukunci ne aka yanke, kuma an yanke shi a bayan idon mutum miliyoyi da aka ce su ne masu ikon.

Illar ba a cikin ƙamus take tsayawa ba, tana sauka har cikin zaɓen fid da gwani. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba jam'iyyu hanya uku ta tsayar da ɗan takara: 'yar tinƙe, ko zaɓe ta hannun wakilai, ko maslaha, kuma ta shardanta cewa maslaha ba ta tabbata sai duk masu neman takarar da aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye don kansu. Babu wuri ɗaya da dokar ta ambaci gwamna mai barin gado, kamar yadda muka saba kiransa, lafazin da shi ma yake ɗauke da irin wannan cuta. Amma idan an shekara guda ana sanar da mutane a rediyo cewa ana jiran gwamna ya nuna magaji, to ranar da ya nuna ɗin, wakilin da ya zo daga Birnin Gwari ko Kaciya ko Ikara ya riga ya san aikin da ya kawo shi, kuma mai neman takarar da ya ƙi janyewa shi ake kallo a matsayin marar kunya. Jama'a suna da sunan da suke kiran wannan abu idan ransu ya ɓaci, suna cewa ɗauki-ɗora. Abin mamaki shi ne ɗauki-ɗora da fitar da magaji aiki ɗaya ne, sai dai ɗaya sunan yana tayar da hankali, ɗayan kuma yana kwantar da shi, kuma mai kwantarwar ne ya samu shiga labaran ƙarfe bakwai.

Bayan an rantsar, sai kalmar ta fara karɓar ladanta. Wanda aka kira magaji ana sa ran ya yi biyayya irin ta ɗa ga uba, wanda ya tsayar da shi kuma ya zama ubangida mai jiran a riƙa zuwa gaisuwa da jerin sunayen kwamishinoni. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma kujerar gwamna tana da abin da ke sa mai ita ya gaji da askin da wuri, domin shi ne mai sa hannu, shi ne kuma za a tuhuma. Mun ga yadda ta kaya a Kano tsakanin Rabi'u Musa Kwankwaso da Abdullahi Umar Ganduje, wanda ya yi masa mataimaki har sau biyu kafin ya hau a 2015. Mun gani a Zamfara tsakanin Ahmad Sani Yariman Bakura da Mahmuda Aliyu Shinkafi. A jihar Ribas rikicin tsohon gwamna Nyesom Wike da wanda ya tsayar, Siminalayi Fubara, ya kai har shugaban ƙasa ya kafa dokar ta-ɓaci a watan Maris na 2025, aka dakatar da zaɓaɓɓen gwamna da majalisa na wata shida. Abin da ya fi damuna a irin wannan rikici shi ne tambayar da jama'a suke yi. Maimakon a tambayi ko an biya albashi, ko an gyara asibiti, ko an kare ƙauye daga 'yan bindiga, sai gari ya rabu biyu, waɗansu na cewa butulu ne ya ci amanar wanda ya yi masa riga da wando, waɗansu na cewa ubangidan ne ya cika son kai. Duk ɓangarorin biyu sun amince, ba tare da sun lura ba, cewa amanar da ake magana a kanta tsakanin mutum biyu take.

Kaduna ma ba ta tsira ba. A ƙarshen watan Maris na 2024, Gwamna Uba Sani ya faɗa a wani taron jama'a cewa gwamnatinsa ta gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85 da kwangiloli 115 da ba a kammala biya ba, magoya bayan gwamnatin da ta gabata kuma suka mayar da martani cewa kuɗin ayyuka aka yi da su, ga tituna da gadoji nan kowa yana gani. Ba alƙalanci tsakaninsu ya kawo ni ba. Abin da nake so a duba shi ne wanda ya ci wannan gado a zahiri. A zauren da na ba da labari, bashin mamaci daga dukiyar mamaci aka cire shi, ba a bi 'ya'yansa da shi ba, ba a kuma bi maƙwabta ba. Bashin jiha kuwa ba daga aljihun tsohon gwamna ake cire shi ba, ba kuma daga na sabo ba. Ana zaftare shi ne daga kason da jihar ke samu daga asusun tarayya tun kafin kuɗin su iso Kaduna, kuma da yake babban ɓangarensa da dala aka ci, duk faɗuwar da naira ta yi tun daga tsakiyar 2023 ƙara masa nauyi take yi. Malamin firamare da ɗan fansho da mai jego da ta je asibitin gwamnati ta tarar babu magani, su ne suke biya. Idan har akwai magaji a cikin wannan lissafi, to su ne, kuma su kaɗai ne ba a taɓa kira da wannan suna ba.

Hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan tsayar da magaji suke kawowa ita ce ɗorewar ayyuka. Suna cewa idan baƙo ya zo zai watsar da abin da aka fara, a yi asarar kuɗin jama'a. Damuwar gaskiya ce, kowa ya ga gine-ginen da ciyawa ta cinye saboda wanda ya aza harsashinsu ya sauka. Sai dai misalan da na kawo sun nuna cewa wanda aka ɗora da hannu ma yana watsarwa, wani lokaci ma da fushin da baƙo ba zai yi ba. Abin da ke sa aiki ya ɗore shi ne a kafa shi da doka, a sa shi a kasafin kuɗi, a bar shi a hannun ma'aikatan da ba sa sauka idan gwamna ya sauka. Jami'ar Jihar Kaduna an kafa ta a 2004 a zamanin Ahmed Mohammed Maƙarfi, ta ga gwamnonin PDP ta ga na APC, ta ga waɗanda suke shiri da juna da waɗanda ba sa ga maciji, kuma har yau tana ɗaukar ɗalibai.

Abin takaici shi ne Hausa ba ta rasa kalmomin da suka fi wannan tsabta ba, kuma kowacce tana faɗin iyakar mai riƙe da ita. Muƙaddashi yana aiki ne a madadin mai kujera wanda yake nan da ransa, kuma ƙasar nan ta ɗanɗani muhimmancin wannan bambanci lokacin da 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a watan Nuwamban 2009 ba tare da ya aika wa majalisa takardar miƙa aiki ba, aka yi sama da wata biyu ana jayayya, sai ranar 9 ga Fabrairu, 2010 Majalisar Tarayya ta ayyana Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashin shugaban ƙasa. Bai zama cikakken shugaba ba sai bayan rasuwar 'Yar'aduwa ranar 5 ga Mayu. Riƙon ƙwarya kuwa ya fi kowacce fito da ma'anarsa fili, domin wanda aka ba ƙwarya ya riƙe ya san tana da mai ita, ya san ba a ba shi don ya sha ba, ya kuma san za a dawo a karɓa. Maƙarfi ya riƙe wa PDP ƙwarya daga 2016, ya shirya babban taro a Disambar 2017, ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba ya koma gefe, kalmar ta cika ma'anarta.

Amma ita ma wannan kalma an ci zalinta a ƙananan hukumomi. Sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya lamunce cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, duk da haka gwamnoni a faɗin ƙasar nan sun shekara da shekaru suna naɗa shugabannin riƙo da kantomomi, suna sabunta musu wa'adi duk bayan 'yan watanni, har riƙon ya fi zaɓen tsawon rai. Ƙananan hukumomi 23 na jihar nan ma sun zauna a hannun naɗaɗɗu daga 2015 har zuwa zaɓen watan Mayun 2018. Sai ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya maye gurbinsu da 'yan riƙo, kuma kuɗin ƙananan hukumomi 774 su riƙa zuwa musu kai tsaye. Cutar iri ɗaya ce da ta magaji, an ɗauki kalma mai mutunci an lulluɓe wani abu da ita, don kada a tambayi wanda aka riƙe wa ƙwaryar ko ya yarda.

Akwai wuri ɗaya da nake jin daɗin kalmar magaji a bakin mutanen Kaduna, shi ne idan dattawa suna cewa har yau Arewa ba ta sami magajin Sardauna ba. Babu mai nufin kujerar Firimiya, domin ta tafi tun juyin mulkin 1966, Jihar Arewa ma ta bi ta a 1967. Abin da suke nufi shi ne hali da aiki, irin wanda ya kafa masaƙar Kakuri a 1957 da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya tura 'ya'yan talakawa daga kowane lardi su yi karatu su dawo su riƙe ma'aikatu. Wannan shi ne gadon da ake cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, har a yi masa fatan magaji mafiyi, kuma irinsa ba a naɗa mutum a kai, sai bayan ya yi aikin mutane su ba shi sunan da kansu, wani lokaci ma bayan ya bar duniya. Ɗan siyasar da ke son a kira wani magajinsa ta wannan fuska ba ya bukatar ya sa baki a zaɓen fid da gwani ko kaɗan.

Ban ce a kafa dokar hana furta kalma ba, harshe ba ya jin umarnin kowa. Roƙona ga editoci da masu gabatar da shirye-shirye ne, domin su ne suke sa wa jama'a kalma a baki safe da yamma. Inda aka saba rubuta masu neman gadon gwamna, a rubuta masu neman kujerar gwamna, tsawonsu ɗaya. Inda aka saba cewa gwamna ya fitar da magajinsa, a ce gwamna ya nuna ɗan takarar da yake goyon baya, wanda haƙƙinsa ne kamar kowane ɗan jam'iyya, kuma mai sauraro zai gane cewa saura zaɓe. Idan kuma ɗan jarida ya sami zama da gwamnan da wa'adinsa ya kusa cika, ya daina tambayarsa: "Mai girma gwamna, wa zai gaje ka?" Ya tambaye shi ko 'yar tinƙe jam'iyyarsa za ta yi ko wakilai, da wanda ya rubuta sunayen wakilan, da adadin bashin da jihar za ta kwana da shi ranar 29 ga Mayu, da kuma ko zai yarda a buga takardun miƙa mulki a jarida kowa ya karanta kafin a je dandalin Murtala a rantsar da sabon gwamna.